Yadda Na Kafa Wa Armuwar Ɗin Amarya Hannuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Zara ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Shekara uku ke nan da yin abin, amma in na tuna shi ina tsakar tuƙa tuwo, sai na ajiye muciya na ɗan zauna tukuna.

Zara ɗiyar yayana ce, amma a hannuna ta tashi tun tana ƴar shekara huɗu, tare da nawa guda biyar. Ni kuwa a unguwarmu nan Gure abu ɗaya aka san ni da shi: ba na ɗaga murya. In aka yi ɓaranɓarama a gidan suna ko gidan biki, ni ake kira in lallaɓa abin ba tare da kowa ya ji ba. Tuwo bai isa ba, miya ta kama, an manta ba a gayyaci wance ba, duk sai ka ji an ce, "A kira Gwaggo." (Na daɗe ina jin daɗin wannan suna, ba zan ɓoye muku ba. Har wani ɗan taku nake yi in an aiko kirana.)

Da auren Zara ya zo, ni aka ɗora wa jere. Yadda muke yi a wurinmu, ana gobe za a kai amarya dangin ta mata za su tafi gidan ango da hantsi, su share, su jera kwanuka da tukwane da duk abin da aka yi mata. Da la'asar sai dangin ango mata su zo gani. Abin da idonsu ya gani ran nan kuwa, shi za su riƙa faɗa har yarinya ta aurar da nata ƴaƴan. In ɗaki ya yi kyau, ta shiga gidan miji kanta a sama. In aka ga wata kasawa, ko ba laifinta ba ne, da ita za a riƙa kwatance. Ni dai burina ɗaya ne: kada a samu abin da za a goranta wa Zara.

Angon, Mustafa, ma'aikacin kula da dabbobi ne, kullum yana kan hanyar Bune ko Gidigir yana yi wa shanu allura. Yaro mai kunya, in zai gaishe ni sai ya durƙusa tun daga zaure. Ranar bai ma kwana gari ba, ya tafi ɗauko kawunnansa. Yayarsa, Ya Falmata, ita ta aiko mana da makulli, tare da saƙo: "Ku ce wa Gwaggo ta duba ɗakin girki da kyau, za ta ga abin mamaki."

Muka tafi ni da ƙanwata Gaji da wasu mata huɗu. Gaji uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma duk maganar da Allah ya rage mini, ita ya ƙara wa. Sauran matan suka shiga ɗakin kwana da falo, mu biyu muka nufi ɗakin girki.

Gaskiya yaron ya yi ƙoƙari. Ƙasa an shimfiɗa karo fari, wato tayil, ga firigo, ga murhun gaz. Jikin bango kuma, daga wannan kusurwa har waccan, sama da ƙasa, an kafa armuwar, wato kabad ɗin jera kwanuka, mai launin toka, tana sheƙi har kana ganin fuskarka. Ƙofofi takwas, da tiruwar shida, wato akwatunan nan da ake jawowa a zuba cokula da ludaya. Muka tsaya muna ta "Masha Allah".

Gaji ta miƙa hannu za ta buɗe, sai hannun ya tsaya a iska. Ta duba dama, ta duba hagu, ta sunkuya ta leƙa ƙasa.

"Yaya, ta ina ake kama wannan abin?"

Na matso na duba. Babu mariƙi. Ko ɗaya. Babu hannu, babu zobe, babu ko ɗan rami da za ka saƙala yatsa. Sumul, kamar goshin jariri.

Gaji ta tafa hannu. "An raina mu. Wallahi tallahi an raina mu! Ashe abin mamakin da Falmata ke faɗi ke nan? A ba ƴarmu armuwar da ba a gama ba? Ko kwandon kaji ai yana da wurin kamawa!"

"Yi a hankali, Gaji, bango na da kunne."

"Bangon ma ya ji! Shi aƙalla an gama shi."

Muka gwada farce, bai shiga ba. Muka ɗauko wuƙar yanka albasa daga cikin kayan amarya, muka zura ta gefe muka ɓamɓaro ƙofa ɗaya, ta buɗe da wata ƴar ƙara kamar ba ta so. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, muna jera kwanuka, muna mayarwa. Gaji na goge wata ƙofar ƙasa da tsumma, sai kawai ƙofar ta yi "ƙyas" ta buɗe da kanta, ta buge ta a ƙwauri. Ta yi tsalle ta koma bayana tana a'uziyya.

"Kin gani ko? Ga rashin mariƙi, ga shi ko rufuwa ba ta yi. Ɗauko salula ki kira Mustafa yanzu-yanzu!"

A nan ne fa Gwaggo mai gyaran ɓarna ta tashi. Na ce mata a'a. Suruki ne. Ranar jere in kira shi in ce gidanka bai ƙaru ba? Ai kunya za ta kashe shi a kan hanya. Na tabbata mai aikin katakon ne ya yaudare shi, ya ce zai dawo ya kafa bai dawo ba, su kuma danginsa wataƙila rabonsu da shiga ɗakin tun ana gini. In suka zo da la'asar da baƙinsu suka tarar da haka, za su ji kunya, kuma mutum in ya ji kunya a gabanka, ba ya yafe maka. A kan Zara za su huce.

Sai kuma na lura da wani abu. A kusurwar kowace ƙofa an liƙa wata ƴar takarda zagayayya, da hoton yatsa yana nuna wuri ɗaya, da ɗan rubutun Faransanci a ƙasa. Ni karatuna na makarantar yaƙi da jahilci ne, da Hausa muka yi shi, ina karanta wasiƙa ina rubuta ta, amma Faransanci sai dai mu gaisa daga nesa. Hoto kuwa ai ba ya buƙatar malami.

"Gaji, zo ki gani. Ga shaida. Mai aikin ya sa alama a duk wurin da za a kafa mariƙi. Kin ga yatsa? Nan yake nufi."

Gaji ta duba, ta gyaɗa kai cikin girmamawa. "Kai, karatu ya yi rana."

(Wannan yabon shi ya ƙarasa ni. Da ta yi mini gardama ko sau ɗaya, wataƙila da na sake tunani.)

Na yafa mayafi, na fita cikin rana tsaka ba wanda ya sani, na tafi bayan kasuwa wurin Baba Kiyari maƙeri. Tsoho ne, shi ke gyara mana ƙofar langa-langa da kunnen tukunya tun ina amarya. Na durƙusa na yi masa bayani ƙasa-ƙasa, na ce magana ce ta rufin asiri, mariƙi goma sha huɗu nake so kafin la'asar.

"Iri ɗaya?" ya tambaya.

"In da hali, Baba."

"Babu hali," in ji shi. Ya jawo wani tsohon buhu ya shiga zuba abubuwa.

Da muka iso ya zazzage buhun a kan farin karon nan, na ga abin da hali ya bayar. Hannun butar shayi guda uku. Mariƙin murfin tukunya huɗu, biyu sun yi baƙi. Zoben ƙarfe biyu irin wanda ake ɗaure raƙumi da shi. Hannun birkin babur ɗaya. Hannun bokiti ɗaya da ya ce zai lanƙwasa ya rage masa tsawo. Sai madaukin fata guda biyu da ya yanko daga wata tsohuwar salka. Goma sha uku ke nan. Na ce ba komai, ɗaya tiruwar ta can ƙurya, zan san dabarar da zan yi mata.

Baba Kiyari ya yi bisimilla, ya ɗora hannun buta daidai kan hoton yatsa, ya saita ƙusa, ya sauke guduma. Ƙofa ta yi "ƙyas" ta buɗe ta doke shi a gwiwa. Ya dube ta. Ya mayar da ita, ya sake bugu, ta sake buɗewa. Ya buga tana buɗe, ta rufe. Ya buga tana rufe, ta buɗe. Tsohon nan ya ajiye guduma ya ja da baya.

"Ƴata, wannan katakon daga ina aka kawo shi?"

"An ce daga Damagaram, Baba."

"To, ba a sare shi da bisimilla ba. Shekara hamsin ina dukan ƙarfe, ban taɓa ganin abin da na daka ya rama ba."

Jama'a, ku duba fa. Sau ashirin ko fiye ƙofar nan ta nuna mana yadda take aiki, a gaban idonmu, mu uku manya masu hankali. In da baki gare ta, da ta yi magana. Amma ni abin da na ce shi ne, "Ka gani ko, Baba? Aikin duk bai yi ba." Dabarar da muka yi kuwa, Gaji ta zauna dirshan a ƙasa ta tokare kowace ƙofa da ƙafafu biyu, shi yana bugu, ni ina miƙa ƙusa. Na sama kuma ta hau turmi ta danne da kafaɗa. Da ya gama, don kada su riƙa buɗewa da kansu su tsorata amarya, ya ƙara wa na saman ƙusa ɗaiɗai ya lanƙwasa, ta zama kamar sakata. Wannan ƙarin kyauta ne, bai ma jira na roƙa ba.

Na sallame shi ta ƙofar baya. Na samo toka na dirje murafun tukunyar nan har suka ɗan yi haske, na shafa wa fatar salka man gyaɗa. Na ja baya na duba. Gaskiya ba su yi kama da juna ba, armuwar ta koma kamar rumfar mai gwangwan ranar kasuwa. Amma kowace ƙofa tana da abin kamawa, kuma a raina na ce, yau ma an kira Gwaggo, Gwaggo ta amsa.

Ana idar da sallar la'asar muka ji guɗa. Ya Falmata ce a gaba, mace doguwa mai faɗin murya, bayanta mata sun fi goma, har da baƙin da suka zo daga Gamu. Aka gaisa, aka yi "wushe-wushe", aka yi "lale", suka ga falo suka yaba, suka ga gado suka yaba. Sai ta juya ta ce musu, "Ku zo ku ga inda ƙanena ya zuba basira." Ni kuwa na riga na shige na tsaya a ƙurya, na rufe tiruwar ɗin da ba ta samu mariƙi ba da jikina.

Suka shigo. Guɗa ta tsaya a maƙogwaron mai yin ta.

Shiru. Ya Falmata ta dubi hannun birki. Ta dubi zoben raƙumi. Ta buɗe baki ta rufe. Ni kuma da na ga haka sai tausayinta ya kama ni, na ce baiwar Allah ta gane kasawarsu, kunya ta hana ta magana, bari in sauƙaƙa mata. Na matsa kusa, na kama hannunta, na yi magana da muryar nan tawa ta gyaran ɓarna. (Abin da ban lissafa ba, in ɗaki ya yi tsit, mai magana a hankali ma kowa na jin sa.)

"Ya Falmata, kada ki sa komai a ranki. Mun zo mun tarar ba a ƙarasa ba, mun san ba da gangan ba ne, masu aikin yanzu sai haƙuri. Mun zama ɗaya, abin da ya same ku mu ya sama. Na ɗan rufa mana asiri, kuma wallahi ba wanda zai ji daga bakina."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Gwaggo, ɗan gusa."

Na gusa. Ta miƙa yatsa ɗaya, ɗaya tak, ta taɓa tiruwar ɗin nan da nake ɓoyewa, daidai kan hoton. Ta yi "ƙyas", ta sulalo waje a hankali kamar amarya za ta gaida surukai. Ta sake taɓa ta, ta koma. Ta sake, ta fito.

"Haka ake yin su, Gwaggo. Dannawa ake yi. Wata uku Mustafa yana zarya Damagaram wurin mai aikin kafin ya samu yadda yake so." Ta ƙara da cewa, "Kuma ba ma shi ya zaɓa ba. Ƴarku ce. Ya nuna mata hotuna a salula, masu mariƙi da marasa shi, ta ce marasa shi take so, wai mariƙi yana tara maiƙo, ga wuyar wanki, kuma yana kama wa mutum zane."

Na ja da baya ina neman abin jingina, na jingina da armuwar. Abin da ya biyo baya, a bakin mutane na ji rabinsa. Bayana ya danne tiruwar biyu lokaci ɗaya, na ɗan ɗago don na ji "ƙyas", suka fito suka tunkuɗe ni gaba. Na koma baya don in mayar da su, suka rufe, na saki, wata ƙofa a gefe ta buɗe ta doke ni a cinya. Na juya in kama ta, hannun butar shayi ya saƙale gefen zanena. Na ja, ya ja. Ga ni tsakiyar dangin ango da baƙin Gamu, hannu biyu na riƙe da zane a ƙugu kada ya tafi ya bar ni, tiruwar cike da cokula tana bina a baya tana kacau-kacau.

Wata tsohuwa daga cikin baƙin ce ta fara. Ba ta ma yi dariya da ƙarfi ba, zama ta yi a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Daga nan ɗaki ya fashe. Har mai guɗa ta samu muryarta, ta rangaɗa wadda ta maƙale ɗazu. Gaji kuwa, wadda ta tokare ƙofofin nan da ƙafafunta, wadda ta ce karatu ya yi rana, sai na ji muryarta daga bakin ƙofa tana cewa, "Ni dai tun farko na ce a kira yaron."

Da na samu na ɓalle zanena, abu ɗaya ne a raina. Na ce wa Ya Falmata, a wannan karon ban damu da wa zai ji ba, "Don girman Allah, Zara ba ta san komai ba. Ni ce. In za a faɗa, a faɗa da sunana."

Ta share hawaye da bakin mayafi, ta dafa kafaɗata. "Gwaggo, kwantar da hankalinki. Yarinyar da gwaggonta za ta shiga rana tsaka ta ɗauko maƙeri saboda ita, wa zai taɓa ta a gidan nan? Ai lallaɓa ta za mu yi, kada wata rana mu tashi daga barci mu tarar an kafa mana mariƙi a goshi."

Saura mai wuyar: faɗa wa mai ɗaki. Kafin magariba na koma gida na same ta a ƙuryar ɗaki cikin lulluɓi, hannu da ƙafa duk lalle. Na zauna bakin tabarma na faɗa mata komai, ban rage ba. Sai lulluɓin ya fara girgiza. Na ce shi ke nan, na sa amarya kuka tun ba a kai ta ba. Can ta ɗaga mayafin da gwiwar hannu, idonta jawur, hawaye na zuba, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

"Gwaggo, na butar shayi fa kika ce?"

"Guda uku, ƴar nan."

"Zoben raƙumin a ina aka sa?"

"Wurin da kika ce za ki riƙa ajiye kofunan baƙi."

Ta kifa kai a cinyata, ta shafe mini zane da lalle. Na ƙyale ta, ai na ci bashin wanda ya fi haka.

Mustafa kuwa, bayan biki da kwana biyu ya zo gaisuwa, ya durƙusa tun daga zaure yadda ya saba, kansa a ƙasa, ya ce, "Gwaggo, sannu da aiki." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar har yau, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Daga baya mai aikin ya zo daga Damagaram ya zare ƙusoshin, ya cike ramukan da wani abu kamar ƙullu. In ka tsaya daga gefe rana ta haska, kana ganin tabon. Zara na zaune lafiya da dangin mijinta, ba wanda ya taɓa goranta mata. Ni ce dai a gidan sunana ya koma Gwaggo Maƙera, har ƴaƴan da ba a haifa ba lokacin haka suke kirana.

Abin da na koya, tambaya ba faɗa ba ce, kuma kafin ki tashi rufa wa mutum asiri, ki fara tabbatarwa a buɗe yake. Sai dai ina jin na ɗan zarce da koyon. Watan jiya na raka maƙwabciyata asibiti a Damagaram, na ga wani allo fari sumul a jikin bango, babu mariƙi. Na ce yau kam ba za a yi da ni ba. Na tsaya na danna sama, na danna ƙasa, na danna kusurwa huɗu da yatsa ɗaya cikin natsuwa, mutanen da ke kan benci suna kallona. Sai da wata ma'aikaciya ta zo ta taɓa ni a hankali ta ce, "Inna, wannan bango ne. Ƙofa tana bayanki."